Mai Korar Awaki a Filin Jirgin Tawa

Kunne ke fara saninsa, ido sai daga baya.
Gunji ne daga can hanyar Yamai,
mai kauri, kamar sa ya tusa baki a randa.
Abarshi mai tuta zai tofar da goro ya ce:
"Nomau, tashi, awakin Tsahara sun koma fili!"

Aikina ke nan ina ɗan shekara sha biyu:
sanda, tsawa, gudu bisa jar marmara,
in share wa baƙon sama wurin aje ƙafa.
Ladana ƴan daloli, da ƙaya a tafin sawu.

Yakan sauko a karkace kamar mai shawarar fasawa.
Ƙafafun gaba su taɓa, ya ɗan yi tsalle,
sannan wutsiya ta zauna a hankali,
hanci sama, raƙumin da bai amsa gaisuwa.
Farfela biyu su yi ta sassauta hannu
har ka ƙirga fikafikansu:
ɗaya, biyu, uku.
Shirun da ke biyo baya
ban ƙara jin irinsa ba, ko a maƙabarta.

Sai ƙofa ta buɗe, a miƙo ɗan tsani.
Buhunan wasiƙu ne ke fara sauka,
sai akwatin allura da ƙanƙara ke yi wa zufa,
sai malamin lakkol riƙe da hularsa hannu biyu,
sai wata gyatuma da ta rantse
ƙafarta da sama sun yi bankwana har abada.
Mako uku ta dawo da butarta, ta hau sikeli.
Lokacin har mutum ake aunawa,
shi da lakarsa, shi da ƙullin kilishinsa.

Mai kuwa daga duro muke ɗaga shi da hannu,
Bizo na famfo, yana ƙirga bugu da baki,
ana tace shi ta fata kamar kunun jinjiri.
Warin ya bi ni gida, ya shiga tuwo,
inna ta ce: wannan yaro fitila ya zama.

Sau ɗaya tak na hau.
An rasa mai riƙe wa majinyaci kwalbar ruwa,
direban ya dube ni ya yi nuni da haɓa.
Na zauna bisa buhun wasiƙun mutane,
haƙorana na kaɗawa tare da kusoshin jirgi.
Bai yi nisa da ƙasa ba, ya san mutuncinta.
Na ga Adar a shimfiɗe kamar fatar da aka jeme:
rijiyoyi kafar allura,
rumbuna tukwane a kife,
garken wani Bafillace ya watse kamar gero daga faifai,
inuwarmu na tsallake dutse da fadama
ba ta ko tuntuɓe.
A Yamai kogi ya tarye mu, yana walƙiya.
Ban taɓa sanin ruwa na da tsawo ba.

Jikana Ilu ya tafi Makka ya dawo bara.
Na ce: me ka gani a hanya?
Ya ce: gajimare, kaka, sai barci ya ɗauke ni.
Na yi shiru. Me zan ce?
Jirginsu ya fi namu sauri, ban musa ba.

Abarshi ya riga mu, Bizo ya bi shi.
Katakon da nake tare taya da shi
yanzu shi ke tare ƙofar zaurena,
da sauran baƙin mai a gefe ɗaya.

Amma in an ɗauke wuta da azahar,
fanka ta soma sassauta hannu bisa kaina,
sai in ji bakina na ƙirgawa:
ɗaya, biyu, uku.
In saurara.
Hannuna ya riga ya kai ga sanda,
kuma babu akuya ko ɗaya a tsakar gidan.